Kogon da Ba a Ƙirga Masu Shiga

Shekara ashirin da uku na yi a Yanbu, nan Saudiyya, ina aiki guda ɗaya: tsayuwa a bakin tanki. In za a wanke tanki a matatar mai, ko a gyara cikinsa, sai a kwance wani murfi a gefe, ƙofar da da kyar kafaɗar ƙato ke wucewa, ma'aikata su rarrafa su shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni ba na shiga. Ina waje da allo da agogo da rediyon hannu. Duk wanda zai shiga sai ya ba ni katinsa na rataye, na rubuta lokaci. In ya fito na mayar masa. Muddin kati ɗaya ya rage a allon, to akwai rai a ciki, ko da injiniya ya rantse da idonsa ya ga kowa ya tafi cin abinci. Kuma mai tsaron baki ba ya barin baki. Ko fitsari ne, ko salla, sai an kawo wanda zai karɓe shi. Ban yi karatun kirki ba, na bar makaranta tun kafin gemu ya fito min, amma a duk shekarun nan babu wanda ya shiga ta hannuna bai fito ba.

Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da aka ɗauka aka kai Isbaniya kallon rami.

Lokacin da uwar 'yata ta rasu, yarinyar tana da shekara goma sha uku, ni kuma ina Yanbu, sai in yi sati biyu ban ga Madina ba. Ƙanwata ta ɗauke ta ta kai gidanta a unguwar Ƙurban, nan cikin Madina. Ban musa ba, ba ni da bakin musu. Mijin ƙanwar tawa mutumin Kano ne, aiki ya kawo shi ƙasar nan. Magani yake miƙa wa mutane a bayan kanta, amma in ka kira shi ba ka ce duktur ba sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Shekara biyar yarinya tana gidansu tare da 'yarsu, sa'arta. Da na ajiye aiki na dawo gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, na ce to, a ba ni 'yata. Ƙanwata ta yi kuka. Duktur ya gyara zaman tabarau ya ce ai yarinya ta girma, a bar ta ta zaɓa. Suka ce akwai tafiyar hutu da suka shirya, in zo mu tafi tare, uba da 'ya su saba da juna, in an dawo ta faɗi gidan da za ta zauna. Wato ni da na haife ta sai an gwada ni tukuna, kamar direba mai neman aiki. Na yarda. Abin da ya hau da ni jirgi ke nan, ba son ganin duniya ba.

Garin da muka sauka a bakin teku yake. Ni da na yi rabin rayuwata ina kallon Bahar Maliya ta tagar motar kamfani, aka ce in zo in ga teku. Ruwan sanyi kamar daga firij, yashin duhu-duhu, mutane kwance a kai jere-jere, jajaye kamar an feɗe su, suna juya jiki a rana kamar kaji a kan gashi. Mu a Madina gudun rana ake, daga inuwa zuwa inuwa. Su sun hau jirgi sun zo nemanta. Duktur kuwa tun da muka sauka bai ƙara cewa Isbaniya ba, sai Andalus. Duk tsohon bangon da ya gani sai ya dafa ya ce kakanninmu suka gina. Na ce masa waɗanne, naka na Kano ko namu da suka tako da ƙafa zuwa hajji suka kasa komawa? Ƙanwata ta taka min ƙafa.

Kwana uku ina ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Na sa baki na ci abincinsu, kifi ba gishiri da miyar tumatir mai sanyi kamar an manta da ita. Na riƙe wa 'yata jaka a kasuwa. In na yi mata magana da Hausa ta amsa da Larabci, gajere, kamar mai amsa wa baƙo. Ba rashin kunya take yi ba. Ba ta san abin da za ta ce min ba ne, ni ma haka.

Ran na huɗu duktur ya ce yau ranar kogo ce. Muka shiga motar haya ya ja mu kan tudu, kusan rabin awa, yana tuƙi yana lacca. Wai ruwa ne ya yi shekaru dubbai yana ɗiga har ya zama dutse, wai mutanen farko sun zauna a ciki, wai daga ko'ina a duniya ake zuwa gani. Ni na san kogo. Muna yara a Harra akwai ramuka a cikin baƙin dutse bayan gidaje, inda karnuka ke haihuwa, kuma in aka ce an gan ka a can sai ka sha duka a gida. Ban taɓa jin an yi wanka an sa turare don zuwa rami ba.

Muka ajiye mota a ƙasa muka hau da ƙafa zuwa wani ɗan gini. Layi ya yi tsawo, maza da gajerun wanduna, mata da hulunan kaba. Ni ina cikin farar tufata ta gida, don ban ga dalilin da zan canja kaya saboda wasu ba. A ƙarshen layin akwai ƙofa, wata yarinya tsaye da na'ura tana haska wayoyin mutane, na'urar ta yi ƙara, su wuce. Bayanta matakala ta gangara cikin ƙasa. Iska mai sanyi da ɗanshi tana fitowa. Hancina ya riga ni aiki, na tsaya na shaƙa. Warin ƙasa ne da numfashin mutane.

Na ce, “Duktur, tambaye ta wa ya auna iskar ciki yau.”

Ya yi dariya. “Yaya, nan fa Turai ne.”

“To tambaye ta mutum nawa ne a ciki yanzu.”

“Haba Yaya. Mutane na jira a bayanmu.”

Na duba bango, na duba teburin yarinyar. Babu allo, babu kati, babu takarda. Mutane ake zubawa a rami kamar ana zuba gero a buhu. Na juya wajen 'yata. Tana da asma tun tana ƙarama, ni na riƙe ta a asibiti sau biyu tana neman numfashi, uwarta na kuka a ƙofa. Na ce, “Ke, ina abin shaƙarki?”

Ta dubi mutanen da ke gefenmu, ta ce a hankali, “Yana jaka, Baba.”

“Nuna min.”

Ta zuge jakar ta nuna min, ba ta ɗago kai ba. Sannan ta ce, “Yalla, mu shiga. Ka zo mana.” Wannan na ji shi sarai. Ita ta ce in zo. A kwana huɗu shi ne abu na farko da ta nema a wurina.

Na ce, “In na shiga, wa zai tsaya a baki?”

'Yar ƙanwata ta fashe da dariya. “Kawu, ba tanki ba ne fa!”

Na ce na sani, tanki ya fi wannan tsari. Na tambayi duktur minti nawa za su yi, ya ce arba'in da biyar. Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna: huɗu, da lokacin da agogona ya nuna. Na kalle su suna gangarawa, duktur a gaba da wayarsa a sama, ƙanwata na riƙe da ƙarfe, 'yarsu, sai tawa a ƙarshe da shuɗin mayafi. Ba ta waigo ba. Wayar duktur kaɗai ke da layin ƙasar, tawa ba ta aiki sai a masauki.

Na tsaya gefen ƙofar, inda ba zan tare hanya ba kuma ina ganin matakala. Yarinyar na'ura ta nuna min benci a inuwa. Na girgiza kai. Ana tura mutane rukuni-rukuni, ina ƙirgawa ba da niyya ba, baki ne ya saba. Minti arba'in da biyar suka cika. Na ƙara musu goma sha biyar, don na san duktur sai ya ɗauki hoton kowane dutse gaba da baya. Awa ta cika. Babu wanda ya hawo matakalar nan. Ba nawa kaɗai ba, ko mutum ɗaya daga duk waɗanda na ga shigarsu.

Ni ba wawa ba ne. Na san akwai tanki mai baki biyu, na yi aiki a kansa. Amma tanki mai baki biyu masu tsaro biyu ake sa masa, kowane da rediyo, wannan ya ce uku sun shiga ta wurina, wancan ya ce uku sun fito ta wurina, sannan a ce lafiya. Na matsa wajen yarinyar da ɗan Turancin da na tsinta a wurin aiki. Na tambaye ta mutum nawa a ciki. Ta ɗaga kafaɗa. Na tambaye ta ko akwai wata ƙofa. Ta yi nuni da hannu can ƙasa, bayan itatuwa, ba ta ko dube ni ba. Na ce ta kira wanda ke tsaye a can ta tambaye shi ko mutum huɗu sun fito, da yarinya mai shuɗin mayafi. Ta yi murmushin nan nasu na haƙora, ta ce in matsa gefe.

Wani zai ce me ya hana ka gangara ka duba? Wanda zai faɗi haka bai taɓa tsayuwa a baki ba. In numfashinta ya kama ta a farkon hanya, baya za su juyo da ita, nan za su fito. Su fito su tarar ba kowa, ni ina can cikin itatuwa ina neman ƙofar da ban san kamarta ba? Na tsaya inda nake.

Awa ɗaya da minti ashirin. A dokar aikinmu, in lokaci ya wuce kuma babu murya daga ciki, abu na farko shi ne a dakatar da shiga. Ba a ƙara mutane a kan mutanen da ba a san halinsu ba. Na dubi tafin hannuna, zufa ta fara cinye rubutun. Na taka zuwa tsakiyar ƙofar na dafa ginshiƙi biyu da hannuwana.

Layi ya tsaya. Wani mai tumbi, ja kamar gauta, ya zo har hancina yana ihu da yarensa. Na ce masa da Hausa ya ja baya, ya kuwa ja. Wayoyi suka ɗago sama. Mutanen da suka zo ɗaukar hoton dutse suka samu abin da ya fi dutse, baƙin mutum cikin farar riga ya tare rami. Babu ɗaya daga cikinsu da ya tambaya me ya faru. Da 'ya'yansu a hannu, za su sauka da su inda babu wanda ya san adadinsu, amma ni ne mahaukacin. Masu gadi biyu suka zo. Ɗaya ya kama min hannu, na dube shi, ya saki. Suka yi ta magana, ina ta maimaita musu huɗu, huɗu, ina nuna tafina.

Can sai aka kira wata mata daga wajen bayi, da tsinken goge ƙasa a hannunta, ta ɗaura ɗankwali. 'Yar Maroko ce. Larabcinsu rabi nake kamawa, amma mun fahimci juna.

Ta ce, “Ya Hajji, lafiya? Daga ina?”

Na ce, “Madina.”

Ta dafa ƙirji ta yi salati. Sannan ta ce, “Hajji, ba ta nan ake fita ba. Ƙofar fita tana ƙasa, wajen shago. Mutanenka sun daɗe da fita.”

“Wa ya ga fitarsu?”

“Ba mai gani. Ƙofar da kanta take buɗewa. Fita kawai suke.”

“To ba su fita ba.”

Ta fara dariya. Na ce mata 'yata na ciki, kuma ƙirjinta ba lafiya. Dariyar ta tsaya. Ta juya ta yi wa masu gadin magana da sauri, da faɗa-faɗa, kamar uwa da 'ya'yanta. Ta dawo ta ce ɗaya zai bi da ni ta ciki, mu ratsa har ƙofar ƙasa, in duba da idona.

Na ce, “Wa zai tsaya a nan?”

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ta jingina tsinkenta da bango, ta zo ta tsaya daidai inda nake tsaye. Ta ce, “Ni. Shuɗin mayafi, ko?” A duk ƙasar nan ita kaɗai na gani da ta san aiki.

Haka na shiga kogon da na ce ba zan shiga ba. Matakalar jiƙaƙƙiya ce, ƙarfen riƙewa yana da maiƙon hannuwan mutane. Muna sauka sanyi na ƙaruwa. Sun binne fitilu a bayan duwatsu, wata rawaya, wata shuɗiya, wata ruwan hoda, kamar ɗakin biki. Wani kiɗa na tashi a hankali daga inda ba a gani, irin wanda ake sawa a asibitin masu kuɗi. Duwatsun da aka zo gani suna rataye daga sama kamar kitsen rago da ya narke ya daskare, wasu sun taso daga ƙasa kamar kyandir da aka bari ya zuba. Mai gadin, duk da saurin da muke, sai da ya haska min wani da tocila yana nuna wai kamar giwa yake. Na ture hannunsa na mayar da hasken ƙasa. Ni ba sama nake kallo ba. Lungu nake dubawa, bayan dutse, ƙarƙashin matakala, duk inda wanda numfashi ya gagara zai je ya durƙusa don kada a gan shi. Na san 'yata. Ba za ta faɗi a tsakiyar hanya ba, kunya za ta kai ta gefe.

Gaskiya ɗaya zan faɗa. Mun shiga wani zaure da ban taɓa ganin fili irinsa a ƙarƙashin ƙasa ba, za a jera manyan tankunanmu a ciki su ɓace. Akwai wani ginshiƙi a tsakiya daga ƙasa har rufi. Na ce subhanallahi sau ɗaya. Wannan na Allah ne, ba nasu ba. Shi ya yi abinsa a cikin duhu ya rufe, su suka fasa suka sa masa fitilar ruwan hoda. Mutanen da ke wurin kuwa duk sun juya wa ginshiƙin baya, suna ɗaukar hoton fuskokinsu.

A nan na buɗe murya na kira sunan 'yata. Zauren ya maido min da shi sau uku. Wata tsohuwa ta sa yatsa a baki ta ce min shhh, kamar na yi magana liman na huɗuba. Na sake kira, da ƙarfi fiye da na farko.

Daga nan hanya ta fara hawa. Muka iso wata ƙofar gilashi, ta buɗe da kanta, babu kowa a gefenta. Sai ga ni a cikin shago. Jemagu na roba, duwatsu a leda, riguna masu hoton kogo. Wato ramin gaba ɗaya hanya ce ta zuwa kanti. Na wuce na fita cikin rana, idona ya rufe, ya buɗe. Ga su can ƙarƙashin laima, su huɗu cif. Ƙanwata ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Kowa da kofin askirim a gabansa, na duktur har ya ƙare ya karɓi na matarsa. 'Yata na duba waya, lafiyarta ƙalau.

Na dafa wata kujera. Na yi hamdala a zuci.

Duktur ya taso da hannu a buɗe. “A'a, Yaya! Ashe ka shiga! Ka ga ikon Allah, ko? Ka ga ginshiƙin nan?”

Mai gadin ya ja shi gefe ya yi masa bayani da Turanci. Na ga fuskar duktur tana sauyawa. Ya fara ba da haƙuri, yana ɗan rusunawa, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai ya ɗaga yatsa ya taɓa gefen kansa, ya juya shi kaɗan. Ba na buƙatar Turanci don wannan. 'Yata ma ta gani. Ta mayar da idonta kan tebur.

Ƙanwata ta ce, “Yaya, me ka yi kuma?”

Na ce, “Tun yaushe kuka fito?”

“Mun fi rabin awa. Mun ɗauka ka gaji ka nemi wurin shayi.”

“Kin taɓa jin na bar baki na tafi shan shayi?”

Duktur ya dawo yana goge goshi. “Yaya, ka san da 'yan sanda za su kira? Ka tare ƙofar mutane! Ka san abin da suke ɗauka in sun ga irinmu da irin wannan shiga?”

Na ce, “Na ga yatsanka, duktur. Ka ajiye shi, da shi kake ƙirga ƙwayoyi.”

Babu wanda ya yi dariya. Na juya na kama hanyar tudu. Ƙanwata ta kira ni ta ce ina kuma zan je, ga mota nan. Na ce na bar mutum a baki. Na hau ni kaɗai ta titin da ya zagaya itatuwan, cikin rana. Matar tana nan inda na bar ta, layi na wuce ta, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Na ce mata huɗu sun fito. Ta ce alhamdulillahi, ta ɗauki tsinkenta. Ta roƙe ni in na koma in isar mata da sallama a masallacin Annabi, ta faɗa min sunanta da na mahaifiyarta. Na isar, ranar da na sauka.

Sauran kwana biyun babu wanda ya ƙara ambaton kogo a gabana. Ran da za mu taso, da safe, na sauko na zauna a kan wani gini da ke fuskantar teku, kafin masu kwanciya a yashi su fito. Sai ga 'yata ta zo ta zauna, ta bar tazarar mutum ɗaya tsakaninmu. Da Hausa ta yi magana, Hausar da ban ji a bakinta ba tun rasuwar uwarta, tana yi tana tuntuɓe.

Ta ce, “Baba, na san ba shayi ka tafi ba. Na san kana tsaye a can.”

“To me ya hana ki hawowa?”

“Na ce wa Ammi, ya ce a bar ka, za ka gaji ka sauko.” Ammi take ce wa duktur. Sannan ta ce, “Amma ba don shi ba ne. Da na so, da na hawo. Na so in zauna ne kawai, ko minti goma, ba wanda ke riƙe da agogo a kaina.”



Ta ce, “In na dawo Harra, haka za ka riƙa yi? In na tafi jami'a, in na je gidan ƙawata. Za ka tsaya a ƙofa ka rubuta lokaci?”

Na san amsar da ake so. Duktur da ya ba ta ita tun ba ta rufe baki ba, da murmushi da dafa kafaɗa. Kalma ɗaya ce, a'a, in faɗa in tafi da 'yata gida. Na dubi tekun nan nasu mara amfani. Na tuna zauren, da muryata tana dawo min ba amsa.

Na ce, “Zan tsaya. Ba zan hana ki fita ba. Amma in kin ce ƙarfe biyar, biyar da kwata ina kan titi.”

Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Ta ce, “To zan zauna wajen Gwaggo, Baba. Ka yi haƙuri.” Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce za ta riƙa zuwa duk Juma'a.

Na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce?

A filin jirgin Madina suka shiga motarsu su huɗu, duktur ya leƙo ya ce in shigo su sauke ni, ai hanya ce. Ba hanya ba ce, kowa ya san Ƙurban da Harra ta Gabas ba gefe ɗaya suke ba. Na ce su tafi, na tari tasi.

Tana zuwa ran Juma'a, ba kowace ba. In za ta zo ba ta faɗa min lokaci, ni ma na daina tambaya. Sai in ji ƙarar ƙofa, ta shigo da cefane, ta dafa min abin da zai kai ni kwana uku, ta yi min faɗa a kan sukari a shayi. Kafin magariba direbansu ya zo ya ɗauke ta. Bara sun sake tafiya hutu, wata ƙasar daban, na ji an ce can ma akwai kogo, har da kwalekwale a ciki. Ba su gayyace ni ba.